Shingen da Aka Rushe a Yonkers

Bayan la'asar Hasiya ta ɗauko Goggo Rafia daga gidan suna a can arewacin gari, suka kamo Turuwe, babbar hanyar da ake biyan kuɗin wucewa, za su koma unguwarsu ta Highbridge. Motar Ja'afar ce, mijin Hasiya da ya rasu da bazara. Ta gama takaba, ta koma aikinta na jinya, tana ci tana sha, amma komai daga nesa take jin sa, kamar an toshe mata kunne da auduga. Ko ranar jana'iza hawaye bai zo mata ba.

Lokacin kaka ya yi nisa. Itatuwan gefen hanya sun yi ja da rawaya, yayyafi ya manna ganyen a kwalta, taya na bi ta kai tana tsotsar ruwa. Warin ruɓaɓɓen ganye na shigowa ta ramin iska.

"Rage gudu, 'yar nan," in ji Goggo, ƙanwar mahaifinta, tana jan carbi. "Ganyen nan ya fi sabulu santsi. Ga barewa tana tsallaka titi a irin wannan lokaci."

"To, Goggo."

Ta rage. Ta kunna fitila. Ta bar tazara tsakaninta da motar gaba. Hannunta ne ke yin komai, ita ba ta nan.

Magariba ta riske su dab da garin Yonkers. Hazo mai danshi ya taso daga kwari ya kwanta a kan titi. Jajayen fitilun motar gaba suka dusashe, suka ɓace. Sai ƙarar taya ta ɗauke. Injin ma ta daina jin sa. Abin goge gilashi na kai da komo, shiru.

Can gaba ta hango haske rawaya.

Rumfar karɓar kuɗi ce, a gefen hagu na layinta, an sauke sandar shinge. Hasiya ta san an rushe rumfunan nan shekaru da suka wuce. Yanzu kyamarori ne a kan ƙarfe a sama, mota na wucewa da gudunta, ba mai tsayawa. Ta sani sarai. Amma sanin bai taɓa ta ba. Ƙafarta ta bar totur ta koma burki.

Akwai mutum a rumfar. Fuskarsa ba ta fito ba, sai hula da kafaɗa. Ya miƙo hannu ta taga. Hannun ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, har ya kai tsakiyar layi, tafinsa a buɗe.

Ƙamshin kafur ya cika motar, irin na wankan gawa.

"Hasiya," in ji wata murya, a hankali, dab da kunnenta na hagu. "Tsaya ki biya."

"Ba na riƙe da kuɗi," ta ce cikin raɗa.

"Ba kuɗi ba. Abin da ke ƙirjinki. Ai kin daina amfani da shi."

Ta ji maganar ta yi daidai. Ba tsoro, ba gardama. Gajiya ce kawai, da son ta sauke kaya. Ta danna maɓalli, gilashi ya sauka. Ta fitar da hannun hagu.

Motar na tafiyar hawainiya a tsakiyar babbar hanya.

Yatsunsa suka taɓa nata. Sanyi ya ratsa har gwiwar hannu.

"Da wa kike magana?" Muryar Goggo ce, kamar daga cikin rijiya. "Hasiya! Me ya sa kike tsayawa?"

"Shinge, Goggo."

"Wane shinge? Ba komai a gabanki! Dubi madubi!"

Ta duba. Fitilu biyu farare, manya, suna kumbura cikin hazo.

Tirela.

Goggo ta ɗaga carbi ta zabga mata a cinya da duk ƙarfinta. "Innalillahi! Taka totur, don Allah taka!"

Zafin ya shige ta. Da shi ƙara ta dawo gaba ɗaya: ihun ham, kukan burki, taya na zamewa a kan jiƙaƙƙen ganye.

Yatsun mutumin suka damƙe nata.

Ta fizge. Ta taka totur har ƙasa, ta nufi sandar kai tsaye.

"Bismillahi!"

Sandar ta ratsa gilashi kamar hayaƙi, ta ratsa ƙirjinta, ta wuce. Tirelar ta kauce ta hagunsu, iskarta ta girgiza motar, madubin gefe ya tashi sama.

Hasiya ba ta tsaya a nan ba. Ta riƙe sitiyari, ta koma layin dama, ta bi mafita ta farko, sai a gidan mai ta kashe mota. Goggo na ta Ayatul Kursiyyu. Hasiya kuwa ta kifa kai a sitiyari, zuciyarta na dukan haƙarƙari kamar za ta fasa shi. Can sai wani sauti ya ƙwace mata, ta yi kuka har mai shagon gidan man ya leƙo. Goggo ba ta hana ta ba, bayanta kawai take shafawa.

Daga ranar, in magariba ta kusa, Hasiya takan sauka daga hanya ta yi salla, ta jira hazo ya sarara. Yatsunta uku na hagu ba su ƙara jin zafi ko sanyi ba. Likitocin wurin aikinta sun duba, ba su ga komai ba.

Tana bin hanyar har yau, don aiki ya zama dole. Amma kafin Yonkers takan kulle gilasan motar duka. Da ta iso ƙarƙashin kyamarorin nan, ko da rana tsaka ne, hannunta na hagu yakan saki sitiyari da kansa, ya lallaɓa ya nufi taga.