Ganyen da Ya Tare Saƙo

A kan rufin gidansu ta fara ganinsa, yana saita farantin intanet ya fuskanci hasumiyar bayan gari, don unguwarsu a kwari take, layin waya ba ya shiga. Ita tela ce, ta fito shanya yadi. Ya ce ta duba ko layin ya kawo. Ya kawo, kafin la'asar har lambarsa ta shigo. Na Sama ta raɗa masa, shi kuma yana ce mata Allurata.

Da damina ta faɗi aka tura shi aiki nesa. Kira ya fara yankewa a tsakiyar magana, saƙo ya kwana biyu bai tafi ba. Takan ajiye wayar kusa da keken ɗinki, tana taka keke tana satar kallonta. Babanta dama bai so mai hawa rufin mutane ba, ga mai kantin magani yana ta aiken neman aurenta. Ya ce idan wata ya ƙare manyan yaron ba su zo ba, ta cire shi a ranta.

Ta sha kuka, amma ido na tela ba ya barin kuskure. Ta lura layin yana mutuwa ne idan bishiyar tsakar gida ta jiƙe, wadda marigayiya mahaifiyarta ta dasa. Ta hau tudu da lema, inda layi ke kawowa, ta rubuta: "Na Sama, na zarge ka a banza. Bishiyar Mama ce. Saura kwana shida wa'adin da Baba ya ba manyanka ya cika."

Saƙonninsa goma sha ɗaya suka shigo a tare. Na ƙarshe: "Allurata, ko kin daina sona ne?"

Ya iso a kwana na uku tare da manyansa, ya durƙusa gaban Baba ya amsa laifi: da rani ya saita farantin, ta tsakanin busassun rassa, ya manta ganye zai fito, jiƙaƙƙen ganye kuwa shanye layi yake. Baba ya ce to a sare bishiyar ke nan.

"A'a, Baba. Sandar farantin zan ƙara wa tsawo. Bishiyar ta riga ni zuwa gidan nan."

Baba ya tashi ya riƙe masa tsani da kansa.

A inuwar bishiyar aka ɗaura auren, ana yayyafi. Allah ya ba su zaman lafiya, rani da damina.