Ɗigon Jinin Malam Barau

Ranar da Baraka ta fara ganin Maharazu, ta rako gwaggonta ne asibitin Kankara gwajin jini. Shekarun nan ne da arzikin mai ya cika ƙasa, kowa na sayen babur da rediyo. Ita kuwa ɗalibar kwalejin horon malamai ce, ta zo hutu garinsu Yankara.

Ta tarar da saurayi cikin farar riga, ya duƙufa a kan madubin likita, ko ɗagowa bai yi ba.

"Malam, mi kake kallo haka da ya hana ka amsa sallama?"

Ya ɗago a firgice. Da idonsa ya faɗa cikin nata, sai ya matsa gefe kawai.

"Zo ki gani da kanki."

Ta leƙa. Jajayen ƙwayoyi ne birjik, sai jefi-jefi wasu manya da rini ya mai da su shuɗi-shuɗi.

"Waɗannan ɗaiɗaikun su ne fararen ƙwayoyin jini," in ji shi. "Su ke tsare jiki. Akwai masu rugawa su fara tarar cuta, su mutu a wurin, gawarsu ce mugunyar da kike gani a ƙurji. Akwai manya masu haɗiye ƙwayar cuta ɗungurungum. Wasu tsutsar ciki suke yaƙa."

"Wannan ƙaramar mai zagaye fa?"

"Ita ba ta mantuwa. In ta ga cuta sau ɗaya, ko bayan shekara ashirin za ta gane ta. Shi ya sa ake lambar rigakafi."

Baraka ta yi murmushi. "Ashe akwai mai riƙo har cikin jini."

Gwaggo ta yi gyaran murya, suka shiga taitayinsu.

Bayan sati biyu wasiƙa ta iske ta a makaranta:

"Zuwa ga Baraka, hasken idona. Tun ranar da kika tafi ban ƙara ƙirga ƙwayoyi daidai ba, sai na maimaita. In kin yarda, zan zo Yankara in gaida Baba. Naki, Maharazu."

Ta karanta har sau biyar kafin ta rubuta amsa:

"Likitana, ka zo. Amma ka gyara ƙirgarka, kada marasa lafiya su kama ni da laifi."

Sai dai Malam Barau, mahaifinta, babban ɗan kasuwar hatsi, bai karɓe shi da fara'a ba. Da Maharazu ya tafi, ya kira ta.

"Ba zan tilasta maki kowa ba. Amma mai yini yana jagwalgwala jinin mutane da fitsarinsu? Da hannun nan zai ci tuwonki? Ga Alhaji Almu na Sabuwa, ɗan kwangila, mutumin kirki, sau uku yana aiko mani."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanenta.

Wata ranar kasuwar Yankara, Maharazu ya zo a kan babur ɗinsa, sai ya hango ta cikin sabuwar Fijo ta Alhaji Almu. Bai lura da mahaifiyarta a gefenta ba, bai kuma san gaisuwar mutuwa aka kai su Tafoki ba. Ya juya babur. Wasiƙu uku ta aika mashi, ko ɗaya bai amsa ba.

Da kaka ta yi, ciwon ciki ya kwantar da Malam Barau. Aka jiƙa saiwoyi, Alhaji Almu ya kawo kwalaben magani daga Kaduna, ya ce basir ne, zai wuce. Kwana biyu abu sai gaba yake, ga zazzaɓi ga amai. Baraka ta tsaya kai da fata sai da aka sa shi a motar Alhaji Almu zuwa Kankara.

Ita ta shiga ɗakin gwajin da kanta.

"Ba don ni ba, Maharazu. Don Allah ka duba Baba."

Maharazu ya ɗauko allura. Ya huda yatsan tsohon, ya shafa jinin a gilashi, ya rina, ya duƙa. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza. Ya nufi malamin asibiti kai tsaye.

"Masu fara tarar cuta sun ninka yadda ya kamata, har da ƙananan da ba su gama nuna ba. Ga kuma ciwon a gefen dama. Wani abu ya kumbura a cikin nan, ina tsoron afendis ne, ɗan reshen nan na jikin hanji. A wuce da shi Funtua yanzu."

"Kai yaro, a yanka dattijo saboda ɗigon jini ɗaya?" in ji Alhaji Almu.

"Alhaji, in aka kai gobe, ƙila ba shi za a kawo gida ba."

Malam Barau ya buɗe ido da ƙyar. "Ku bi maganarsa."

Kafin la'asar an shiga da shi tiyata. Likitan da ya yi aikin ya fito ya ce saura kaɗan abin ya fashe, ya tambayi wa ya duba jinin.

A barandar asibitin Baraka ta gaya wa Maharazu, wanda ya biyo su Funtua, labarin zuwa Tafoki. Kunya ta rufe shi.

"Ki yafe mani, hasken idona."

"Sai ka amsa wasiƙuna uku tukuna, kowace da amsarta."

Suka yi dariya, ita tana share ido.

Da Malam Barau ya samu sauƙi, ya aika a kira Maharazu. Ya kama hannunsa ya riƙe a gaban 'yan dubiya.

"Na yi maka kuskure, ɗana. Ka turo magabatanka."

Alhaji Almu ya janye cikin mutunci, har ya halarci ɗaurin aure.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura a ƙofar gidan Malam Barau. Mutane suka zo daga Faskari, daga Sabuwa, daga Kankara, har titi ya cika. Da za a fita da amarya, tsohon ya tako da sandarsa har bakin mota, ya dafa kanta.

"Ke kika ga abin da ban gani ba, Baraka. Je ki, na yafe maki duniya da lahira. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka."

Mata suka rangaɗa guɗa, mota ta kama hanyar Kankara.