Goyo Kafin Ciki a Majigin Fagam

Ranar kasuwar Fagam Abdulsalami ya fara ganin Barira, tana auna gyaɗa tana dariya. Malamin gona ne da aka turo daga Birnin Kudu ya koya wa manoma amfani da takin zamani.

"Malam, kallo za ka yi ko saye?" ta ce.

"Bar ni da kallon tukuna, tauraruwa."

Kafin kaka, manyansa sun je sun gaida mahaifinta, Malam Dabo.

Sai motar majigi ta zo garin. Lasifikarta ta lalace, hoto kawai ake gani a jikin farin ƙyalle. Ga Abdulsalami yana zuba taki a wata gona, dawa ta yi kore shar. Da aka sauya faifai, sai ga gonar nan ta ƙeƙashe, mai ita ya yi tagumi.

Balarabe, wanda ya daɗe yana son Barira, ya miƙe. "Kun gani da idonku! Turo shi aka yi ya kashe mana ƙasa, mu watse, su kwashe gonakin!"

Washegari Malam Dabo ya ce an fasa auren.

Abdulsalami ya samu Barira a bakin rijiya, idonsa ya kaɗa. "Wallahi ba haka aka ɗauka ba, hasken raina. Amma wa zai saurare ni?"

"Share hawayenka, Malam nawa. Maza gona suka kalla. Ni matar mai gonar na kalla."

Kunya ba za ta bar ta ta yi wa mahaifinta irin wannan zance ba, sai ta samu mahaifiyarta, Inna Sabuwa, a madafa.

"Inna, da gona tana kore, matar nan jariri ne a bayanta. Da ta bushe kuma, ga ta da tsohon ciki. Goyo ne ke riga ciki?"

Inna ta saki muciya, ta nufi zaure ta faɗa wa Malam Dabo.

"Wataƙila wani cikin ne," in ji Malam Dabo.

"Haba Malam! To jaririn ina ya shiga, ƙasa ta haɗiye shi?"

Malam Dabo ya hau kekensa har Gwaram, ya samu mai majigi. Mutumin ya duba gwangwanayen faifan, ya dafe kai. Ashe faifai na biyu ya fara sawa a Fagam.

Aka dawo Fagam da lasifika gyararriya. Busasshiyar gona ta fara fitowa, sannan taki, sannan kore, sannan jariri. Mata suka ɗau guɗa. Balarabe ya sulale ta bayan masallaci.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure. Malam Dabo ya riƙe hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"Na zalunce ka, ɗana. Ga Barira, amana. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Daga cikin mayafi, Barira ta ce amin a hankali, tana murmushi.