Shaidar Baffa Sale

Har yau idan Ummulkhairi ta tuna ranar nan, ƙaurin shinkafa ne ke fara zuwa mata. Ta dawo daga duti ta ɗora tukunya ke nan, sai ga mijinta Kamaluddeen ya shigo tun kafin la'asar, ya zauna a bakin kujera ko takalmi bai cire ba.

"Lafiya, Kamal? Ka ga fuskarka kuwa?"

"Sun rufe gonar, Ummu. Kamfanin ya sayar da shanun kakaf, an sallame mu."

Shekararsu huɗu ke nan a Ingila. Ita nas ce a wani asibiti, shi kuma yana duba lafiyar shanun madara, aikin da ya tashi a cikinsa tun a rugarsu ta bayan Doguwa kafin boko ya ƙara masa da takarda. Kowa da bizarsa ta aiki ya shiga ƙasar. Yanzu tasa ta bi kamfanin, an ba shi kwana sittin, ko ya sami mafita ko ya tattara ya koma gida ya bar matarsa.

Lauyan da suka gani ya ce abin mai sauƙi ne: Kamal ya koma ƙarƙashin bizar Ummu, a cike fom, a haɗa da satifiket ɗin aure. Suka dubi juna. Satifiket kuma? Aurensu a ƙofar gidan su Ummu a Tudun Wada aka ɗaura shi, a kan tabarmi, da goro da alawa da fatiha. Mutum ya fi ɗari uku a wurin, amma ko guntuwar takarda babu wanda ya rubuta.

Kawu Ghali, waliyyinta, ya je kotu ya tambaya. Magatakarda ya ce za a bayar, amma sai ɓangaren ango ya tsaya gaban alƙali ya yi shaida. Wanda ya karɓa wa Kamal auren ya rasu bara, saboda haka mahaifinsa ake so. Aka aika wa Baffa Sale. Amsarsa ba ta da tsawo: "Ba ni zuwa."

"Na san za a rina," in ji Kamal, idonsa jawur. "Kunya yake ji a ce ɗansa na zaune a ƙarƙashin mace. Dama yaushe na taɓa burge shi? Ranar da na kai masa sakamakon jami'a, shanu ya ci gaba da kallo."

Shi ba dama ya fita daga ƙasar a wannan hali, sai Ummu ta nemi hutun mako biyu ta taho gida.

A Kwanar Dangora ta sauka don canza mota, sai zuciyarta ta karye. A nan suka fara haɗuwa da Kamal, tana ɗalibar koyon jinya da ƙatuwar jaka, shi kuma siririn Bafulatani da ya bar mata kujerar gaba, ya kasa ce mata uffan har Tudun Wada, sai da za ta sauka ya tambaye ta ko garin nan ana samun ruwa. Shekara guda tana tsokanarsa da wannan tambaya. Yanzu ga damina ta zauna, masara ta rufe hanya hagu da dama, duwatsun Doguwa sun yi shar, ita kaɗai a kujerar gaba. Kewarsa ta kama ta har sai da ta ja mayafi ta rufe fuska.

An karɓe ta hannu bibbiyu a ruga, amma maganar da ta kawo ta babu mai taɓawa. Ita kuma suruka ce, ba ta tsayawa gaban Baffa ta yi zance. Kwana biyar tana gaishe shi daga bayan zana, tana daka, tana dama fura, kwanakin Kamal suna ta tafiya. A rana ta shida ta kasa daurewa, ta fashe da kuka a ɗakin Goggo Habiba, ƙanwar Baffa.

"Goggo, laifin me muka yi? Don takarda ta ce yana ƙarƙashina, shi ke nan na zama mijin?"

Tsohuwar ta ajiye faifan da take saƙawa. "Ke 'yar nan, wa ya ce miki wannan ne? Me ya dami Sale da takardar Turawa? Kawunki ne ya aiko cewa alƙali zai tambaye shi sunan yaron, ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a."

"To sai me, Goggo?"

"Sai me? Ɗan fari ne fa. Shekara talatin da huɗu bai taɓa kama sunansa ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Haka ubanmu ya yi masa, haka ya tarar. Ke kin ɗauka ƙiyayya ce? Ran da yaron ya kawo takardar jami'a, bayan ya tafi, ni na ga Sale a bayan garke yana share ido."

Ummu ta san kunyar ɗan fari, a garinsu ma ana yi, amma ba ta taɓa zaton tana kai mutum nan ba. Ta kira Kamal ta gaya masa, ya ce Goggo rufa wa yayanta asiri kawai take yi, ta haƙura ta dawo.

Da yamma Baffa yana zaune yana tufka igiya, ta durƙusa a bayan zana.

"Baffa, barka da yamma. A gafarce ni, zan yi rashin kunya."

"Ina ji."

"Jibi zan koma. Ya ce a gaya maka ya haƙura, zai dawo. Ni ma zan ajiye aikina in biyo shi, don ba zan zauna wata ƙasa ba tare da shi ba." Ta ƙarasa da ƙyar. "Ya kuma ce a roƙe ka gafara, ya san tun tasowarsa bai taɓa yin abin da ya faranta maka ba."

Hannun tsohon ya tsaya a kan igiyar.

"Shi ya ce haka?"

"Shi ya ce, Baffa."

Washegari da hantsi sai ga shi cikin farar rigarsa ta sallah, ya rataya sanda, ya ce wa Goggo Habiba, ba tare da ya dubi kowa ba, a gaya wa baƙuwa ta fito kada su rasa mota.

A kotu Kawu Ghali ya yi nasa bayani ya zauna. Alƙali ya juyo.

"Malam Sale, ka san mijin wannan baiwar Allah?"

"Na san shi, Allah ya gafarta malam."

"Me ke tsakaninku?"

Baffa ya dubi ƙasa. "Yaron gidana ne."

"Sunansa nake so, Malam. Sai ka faɗa za a rubuta."

Ummu tana ganin gumi na bin gefen rawaninsa. Sannan ya ɗaga kai.

"Kamaluddeen," ya ce a hankali. "Kamaluddeen Sale. Ɗana ne, na fari."

Takarda ta fito, aka tura, bizar ta zo saura kwana tara wa'adi ya cika. Bayan wata biyar Kamal ya sami wani aikin. Sun shirya zuwa gida da babbar sallah, amma Allah ya karɓi ran Baffa tun kafin azumi.

Haƙurin Ummu da ladabinta ne suka riƙe mata aurenta, suka kuma mayar wa ɗa da ubansa. Ya kamata yaran yanzu su sani, ba kowane shiru na iyaye ne ƙi ba, wani son ne kunya ta danne. A bincika kafin a yanke musu hukunci.

Kamal bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. Shi ya sa har yanzu, wani lokaci suna cikin cin abinci sai ya ajiye cokali ya ce, "Ummu, ƙara faɗa min yadda ya faɗe shi." Ita kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba.