Ƙwaya Huɗu a Shayin Baba

Bayan la'asar wata mata mai suna Zakiyya ta shigo ofishin 'yan sanda na Kalakla, ta tsaya gaban teburin Sufeto Salahuddin, wanda ake ce wa Janabu, wato ranka ya daɗe.

"Janabu, na kashe mahaifina."

Sufeto ya dubi hannuwanta. Duk sun tsage, fatar ta yi ja.

"Da me kika kashe shi?"

"Ina jin sau biyu na ba shi maganinsa."

"Kina ji, ko kin tabbata?"

"Ban tuna na yi ba. Amma idan na yi fa?"

Tare suka tafi gidan. An riga an ɗauke gawar mahaifinta, Malam Ubaidullahi, zuwa asibiti. Tun da bam ya faɗa kusa da shagonsa lokacin yaƙi, tsohon bai sake zama daidai ba. Ƙarar ƙofa kawai takan sa ya shige ƙarƙashin gado yana ihu.

Zakiyya ta kulle ƙofar gida, ta dawo ta taɓa sakatar, ta sake komawa, har sau biyar. Sannan ta kawo robar maganin, mai gida bakwai, kowace rana da nata. Ranar Laraba ce. Daga na Alhamis zuwa gaba babu wanda aka taɓa, wato ba a ba shi fiye da na ranar ba.

Yayanta Jibirin, makanike, yana zaune a tsakar gida, idanunsa sun faɗa.

"Ina kake da rana?" in ji Sufeto.

"Gareji, a Omdurman. Tun safe na fita. Da na dawo na same shi ya cika."

"Wa ya fara maganar magani?"

Jibirin ya kawar da kai. "Tambayarta kawai na yi ko sau biyu ta ba shi."

Washegari Sufeto ya je Soba wurin Dakta Mayada, likitar ƙwaƙwalwa da ke duba tsohon.

"Abin da aka samu a jikinsa maganin barci ne," in ji ta. "Ban rubuta masa ba, domin zuciyarsa ba ta ɗauka."

"'Yarsa ta ce ita ce."

"Daga abin da ka kwatanta, ciwon waswasi ne. Mugun tunani yakan zo wa mutum ya ƙi tafiya. Sai ya yi ta wanke hannu, ya yi ta duba ƙofa, ko ya samu sauƙi. Ka ce masa ko ya yi laifi, zai ɗauka a kansa, ko da bai yi ba."

A gareji, abokin aikin Jibirin ya ce ya fita da azahar, bai dawo ba. Mai kantin magani na unguwarsu kuwa ya ce Jibirin ɗin ne ke karɓar maganin barci da takardar likita, don kansa.

Sufeto ya koma gidan, ya zauna kusa da Jibirin.

"Ina ƙwayoyinka?"

Jibirin ya sunkuyar da kai. Da ya fara magana, muryarsa ba ta fita sosai.

"Wata takwas ban yi barcin kirki ba, Janabu. Abinci ba ya min daɗi, aiki ba ya min daɗi. Ranar na dawo in ɗan kwanta, sai wata mota ta yi ƙara, Baba ya fara ihu yana kiran matattu. Na zuba masa huɗu a shayi. Wallahi barci kawai nake so ya yi."

"Ƙanwarka fa?"

"Na san ciwonta tun muna yara. Na san kalma ɗaya ta isa." Ya rufe fuska. "Wannan ya fi ci na. Na Baba kuskure ne. Ita da gangan na yi mata."

Zakiyya tana tsaye a bakin ɗaki, ta ji komai.

Sufeto bai sa masa ankwa ba. A bakin mota Jibirin ya tsaya.

"Janabu, ka kai ta wurin likitar nan. Kuma ka gaya mata ba ita ba ce. Daga bakina ba za ta ƙara yarda da komai ba."

Sufeto ya gyaɗa kai, ya buɗe masa ƙofar baya.