Kwalin da Ya Rage

Da safe mai gidan hayar zai karɓi makullinsa, ga dare ya raba, telar da ke haya a gidan kuwa tana zaune dirshan a tsakiyar kaya. Ta ɗauki rigar marigayi mijinta ta ajiye, ta sake ɗauka. Gadon yara ba zai shiga sabon wurin ba, keken ɗinki kuwa shi ne abincinsu.

"Sannu da aiki, 'yata."

Wata tsohuwa ce tsugune a bakin ƙofa. Telar ta ɗauka maƙwabciya ce, sai hawaye.

"Iya, ɗaki ɗaya na samu. Na rasa abin da zan bari."

Tsohuwar ta hau ninke kaya. Ta san mazaunin komai, har almakashin da ya ɓace tun bara ta zaro daga bayan kabad. Duk abin da ta miƙo, sanyi ƙalau. Ta ratsa ƙurar da ke gurbin gado, babu sawu ko ɗaya.

Telar ta waiwayi ƙofa. Sakata tana nan yadda ta sa ta.

Tsohuwar ta jawo kwalin da ya rage, ta shiga, ta naɗe ƙafafu.

"Kada ki damu, 'yata. Ni ba na cin wuri."