Ƙashin Bayan Katangar Mayanka

Ana gab da magariba Injiniya ta koma ɗakin gwaji don ta buɗe tanderu. Kowa ya tashi. Fanka ɗaya ce ke juyawa, tana gurnani kamar dole aka yi mata.

Aikin nata faɗarsa ba wuya, yinsa ne jidali. A samu farin gari irin wanda ke cikin ƙashi, a dama, a tsoma soso har ya sha, a sa a wuta. Soson ya ƙone ƙurmus, ya bar wani abu mai tauri, duk jikinsa hudoji. Likita ya dasa shi inda ƙashin mutum ya gutsure, jini ya bi hudojin, sabon ƙashi ya tsiro a ciki. Wanda ke cikin tanderun yau kuwa na yayanta ne. Mota ta murƙushe masa ƙwauri, ƙashi ya tafi kamar faɗin yatsu uku. Likita kuma bai yi mata kwana-kwana ba: in abin bai zo hannunsa gobe da safe ba, ƙafar zai yanke, don ciwon ba zai ƙara jira ba.

Garin da suka yi oda bai iso ba. Shi ya sa mako biyu da suka wuce ta je mayanka neman ƙashin saniya, ta ƙona ta niƙa da kanta. Na cikin rumfa duk an kwashe. Sai ta hango tsibi guda a bayan katanga, fari tas, ko ƙuda babu a kai.

"Wancan ba namu ba ne," in ji wani tsohon mahauci, ko kallonta bai yi ba. "Da masu shi. Mu ajiye musu kawai muke yi."

"Su wa?"

"Duk karatun naki ba a gaya miki abin da aljanu ke ci ba?"

Ta ja tsaki ta cika buhunta. Haushi ya ba ta ƙwarai, ɗan'uwanta na kwance ana yi mata tatsuniya.

Yanzu ga ta gaban tanderu, ya huce. Tana buɗe ƙofar ƙamshi ya doke ta, na gasasshen nama mai maiƙo. Ta ja da baya. Abin da ya kwana cikin wutar da ke narkar da tagulla ba ya ƙamshin komai, ta fi kowa sani.

Ta ɗauko shi da awartaki. Ya yi kyau, ba tsaga ko ɗaya. Ta ɗora a sikeli, nauyin ya ninka wanda ya kamata ya yi. Ta sauke, ta goge sikelin, ta sake ɗorawa. Ya ƙaru.

Ta ɗiga masa jan ruwan gwaji. In hudoji a buɗe suke, nan take yake shanyewa. Ɗigon ya zauna a kai, yana rawa.

Fanka ta tsaya. Ba a ɗauke wuta ba.

Sai ta ji ƙara ƙasa-ƙasa, irin ta ɓera in yana gaigayar itace. Daga teburin take fitowa. Ta tura abin ƙarƙashin madubin da ke ƙara girma, ta sa ido.

Kowace huda da mai ita. A cunkushe suke, suna numfashi.

Duk suka juyo suka dube ta.

"Ɓarauniya."

A bayan kunnenta aka faɗa, muryar tsohuwa, da huci mai sanyi. Wuyanta ya ƙi juyawa.

"Kin kwashe mana abinci kin ƙone. Kwana goma sha huɗu 'ya'yanmu na kuka."

"Ban sani ba," Injiniya ta ce, da ƙyar.

"An gaya miki."

"Zan mayar. Buhu goma zan kawo."

"Riƙe abinki. Kin gina mana ɗakuna, mun shiga. Gobe ki kai mu. Ƙashi mai rai ba mu taɓa ɗanɗanawa ba. Daga ƙwauri za mu fara, mu yi sama."

Wayarta ta ɗauki ƙara a aljihu. Yaya ne. Ta ɗauka.

"Auta, ya fito?"

"Ya fito, Yaya."

"Alhamdu lillahi. Dama na ce musu ba za ki bari a yanke ni ba."

Aka yi dariya a bayan kunnenta, a hankali. Ta kashe wayar. Tausayinsa ya kama ta, don ta riga ta san abin da za ta yi masa.

Turmin ƙarfen da take niƙa gari yana ƙarshen tebur. Ta cafki abin da hannu, ta jefa a ciki, ta ɗaga taɓarya.

Aka riƙe mata wuyan hannu.

Ba yatsu ba ne. Haƙora ne, ƙanana, ba iyaka.

Bismillah ta maƙale mata a maƙogwaro. Ta tura ta waje da ƙarfin tsiya, ta buga.

Ihu ya tashi daga turmin. Kwalabe suka farfashe.

Ta sake bugawa. Ta sake, har ya zama gari.

Ta yi ƙofa. Ƙofa ta ƙi. Wani abu na jan gefen rigarta, yana hawa. Ta kama Ayatul Kursiyyu, tana yi tana sarƙewa, ta koma farko, ta koma farko. A karo na uku ta kai ƙarshe. Ƙofar ta saki, ta faɗa waje da rarrafe.

Washegari da hantsi aka yanke ƙafar Yaya daga gwiwa.

Ta ce wa kowa abin suɓucewa ya yi ya fashe. Likita ya dube ta sama da ƙasa, ya ce sakaci irin wannan ko a kan kare bai dace ba. Matar Yaya ta daina amsa gaisuwarta. Ita kuwa ta ajiye aikin, ga hannun dama kullum sai ƙara rashin nauyi yake. Da aka ɗauki hotonsa, ƙashin wuyan hannun duk hudoji ne, kuma sun fara gangarawa yatsu.

Ranar da aka sallamo Yaya ta kai masa ruwa da hannun hagu. Bai karɓa ba. Ya daɗe yana kallon ƙafar wandon da aka naɗe masa da fil.

"Ni na goya ki, Auta," ya ce. "Shekara biyu kina bayana, ko sau ɗaya ban yar da ke ba."

Ta tsaya da kofin a hannu. Ya ce wa matarsa ta rufe ƙofa in baƙuwa ta fita.